Idan ciwon hanta ya koma kan jijiyoyin jini

In aka ambaci ciwon hanta na B, wanda likitocinmu ke kira epatit B, abin da ke zo ma mutum a rai shi ne shawara, da rawayar ido, da kumburin ciki. To amma akwai wata ɓarna da ƙwayar wannan cuta takan haddasa nesa da hanta, wadda ko ƴan boko ba su cika saninta ba, wato kumburin jijiyoyin jini.

Tun a 1866 wasu likitoci biyu na Jamus, Kussmaul da Maier, suka bayyana wata cuta mai fitar da ƙulle-ƙulle a jikin jijiyoyi, wadda Faransawa ke kira périartérite noueuse. Sai da aka share shekara fiye da 100 kafin a gano ɗaya daga cikin musabbabanta: a 1970, Trépo a birnin Liyon na Faransa, da Gocke a Amurka, kowane ya iske ƙwayar epatit B cikin jinin masu wannan ciwo.

Abin mamaki, ba ƙwayar ce ke cin jijiya da kanta ba. Garkuwar jiki takan aiko da dakarunta su cafke ɓarɓashin ƙwayar, su dunƙule tare da shi. Waɗannan dunƙule-dunƙule sai su bi jini, su maƙale a bangon jijiyoyi masu matsakaicin kauri, faɗa ya ɓarke a nan. Bangon ya kumbura, hanyar jini ta ƙuntata, wani wuri kuma ya yi laushi ya bunƙuro kamar tsohuwar tayar keke. Duk gaɓar da jijiyar ke shayarwa sai ta shiga ƙishirwa. Shi ya sa alamun ke da ruɗarwa: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin masassarar sauro, rama ba dalili, ciwon ciki mai tsanani bayan cin abinci, hawan jini farat ɗaya ga saurayi, gyambo a ƙwauri, ko ƙafa ta mace har takalmi ya zame mutum bai sani ba. Galibi abin na bayyana ne cikin watannin farko bayan kamuwa. Kada hankali ya tashi, kaɗan ne ƙwarai daga masu epatit B ke gamuwa da shi. Amma in ya zo aka bar shi ba magani, mafi yawa ba su kai shekara 5.

Maganin da aka saba kwantar da irin wannan kumburi da shi shi ne kortizon, mai danne garkuwar jiki. Ga kuma inda gizo ke saƙa: in aka daɗe ana danne garkuwa, ƙwayar epatit B sai ta samu sarari ta hayayyafa, hanta ta lalace. Don haka likitocin Faransa, musamman Loïc Guillevin da abokan aikinsa, suka sake dabara: kortizon na ɗan gajeren lokaci, sannan tace ruwan jini da na'ura don kwashe dunƙule-dunƙulen, tare da maganin ƙwayar kanta. Yau tenofobir da entekabir ne ake ba masu epatit B. Epatit C, wadda aka gano a 1989, ita ma tana kumbura ƙananan jijiyoyi, amma tun 2014 akwai ƙwayoyin sha masu warkar da ita cikin mako 8 zuwa 12.

Mu dawo gida. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, dangin kortizon irin su dekisametazon na nan a faifan ƴan tallar magani, ba takardar likita, ba tambaya. Mai ciwon gaɓɓai na sha, mace mai neman ƙiba na sha. Ƙasarmu kuwa na cikin waɗanda epatit B ta yi ma katutu, kuma da yawan masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba. Wanda ya kwashe watanni yana haɗiyar wannan magani bai yi awon jini ba, a ganina caca yake da hantarsa. Kuɗin awo ɗaya bai kai na kwanciya asibiti a Yamai ba, balle na tace jini, wanda ba ko'ina ake samunsa ba.

A Faransa, cikin shekarun 1970, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwon jijiya epatit B ce sanadinsu. Da aka tsananta binciken jinin da ake ƙara ma marasa lafiya, aka kuma yaɗa rigakafi, adadin ya faɗi ƙwarai. A Nijar, tun 2008 rigakafin epatit B ya shiga cikin allurar jarirai mai haɗe da cututtuka biyar. Ke nan duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, fatake da ma'aikata da ke karanta wannan shafi, bai samu ta cikin wannan tsari ba. Babba da awo ya nuna bai kamu ba yana iya karɓar allura uku cikin wata 6, ya kuma riƙa zuwa wurin wanzami da askarsa.