Lissafin Hutun Ma'aikata Yana Bukatar Gyara

Sanin kowa ne cewa duk wanda ya shekara yana aiki yana da hakkin ya huta, a kuma biya shi albashinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda ake lissafin wannan hutu, kuma a wurin lissafin ne ake kwarar ƙaramin ma'aikaci.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta tanadi a sashe na 18 cewa ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa za a ba shi hutun kwana 6 na aiki, a ƙalla, tare da cikakken albashi. In yaro ne da bai kai shekara 16 ba, kwana 12 ne. Ana iya ɗaga hutun idan ɓangarorin biyu sun yarda, amma kada a wuce wata 24 ba a tafi ba. Haka kuma dokar ta hana mai kamfani ya ba ma'aikaci kuɗi a maimakon hutu muddin yana bakin aikinsa.

To, amma mene ne cikakken albashi? Sashe na 19 ya ce wajen lissafin kuɗin hutu, tsurar albashi kaɗai za a duba, ban da kuɗin ƙarin lokaci da dukan alawus-alawus. Nan fa gizo ke saƙa. A misali, a ce albashin wani direba Naira 80,000 ne a wata, amma a takarda an rubuta 40,000 ne albashi, sauran kuwa kuɗin haya da na mota da na abinci. Ran da ya tafi hutu, da rabin abin da ya saba karɓa za a yi masa lissafi, alhali mai gidan haya bai tafi hutu ba, cefane ma haka. Ba abin mamaki ba ne irin wannan ma'aikaci ya gwammace ya haƙura da hutun ɗungum.

Akwai kuma batun wanda ya bar aiki shekara ba ta cika ba. In ya yi wata 6 ko fiye, za a biya shi gwargwadon watannin da ya yi daga cikin albashin mako guda. Wato mai Naira 12,000 a mako, in ya yi wata 9, zai karɓi 9,000. Wanda kuwa aka sallama a wata na biyar ba shi da ko kwabo. Wannan ƙofa ce a buɗe ga duk mai son ya riƙa ɗaukar leburori yana sallamarsu kafin su cika wa'adi, sa'an nan ya sake ɗaukarsu a matsayin sababbi.

Shi kansa adadin kwana 6 ɗin tsohon yayi ne. Shi ne ma'aunin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ajiye tun 1936, kuma a 1970 ta ɗaga shi zuwa mako 3 na aiki. Dokar Gana ta 2003 ta ba ma'aikaci kwana 15 na aiki. A nan gida ma, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya mai mataki na 7 zuwa sama kwana 30 yake samu. Ina dalilin da zai sa mai gadi ko mai aikin masaƙa, wanda jikinsa ya fi shan wuya, a tsayar masa da kwana 6?

Saboda haka ya wajaba Majalisar Tarayya ta gyara waɗannan sassa biyu, ta ƙara yawan kwanakin, ta kuma shigar da alawus ɗin da ake biya kowane wata cikin lissafin kuɗin hutu. Kafin nan, ya kamata jami'an Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa bin kamfanoni suna duba rajistar hutu da takardun biyan albashi. Ɗalibai masu shirin kama aiki kuwa, kafin su sa hannu a takardar ɗauka, su tambayi nawa ne tsurar albashi, kuma kwanakin hutun na aiki ne ko har da Asabar da Lahadi a ciki.