Wayarka Ba Ta San Babba Da Yaro Ba: Abin Da Za Mu Ara Daga Syslog

Tsaya a gaban kowane mai POS a Unguwar Sarki, musamman ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Sultan Bello, ka saurari wayarsa. An tura masa kuɗi, mutane na layi, ana jiran alat, ita kuwa wayar sai ƙara take yi ba ƙaƙƙautawa. Wannan guruf ɗin tsofaffin 'yan ajinsu ne, wancan tallar manhajar ba da bashi, na uku TikTok ne ke gaya masa wani ya fara bidiyo kai tsaye. Alat ɗin da ake jira, idan ya zo, da irin ƙarar da sauran suka shigo da ita zai shigo. Wayar ba ta san babba da yaro ba, alhali masu kula da manyan kwamfutoci sun warware wannan matsala tun kafin a haifi yawancinmu.

Sunan maganin syslog. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 a Amurka, lokacin da yake aikin Sendmail, manhajar aika imel. An rubuta bayaninsa a takardar RFC 3164 a 2001, aka fitar da cikakkiyar ƙa'ida a RFC 5424 a 2009. Aikinsa shi ne karɓar duk rahoton da manhajojin cikin kwamfuta ke bayarwa game da kansu: an shiga, an fita, ma'ajiya ta kusa cika, wani ya saka kalmar sirri ba daidai ba. Hikimar tana nan: kowane rahoto yana zuwa da lambar da ke nuna girmansa, daga 0 zuwa 7, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar magana.

Lamba 0, emerg, na nufin na'urar ta durƙushe. Lamba 1, alert, a tashi yanzu a yi wani abu. Sai 2, crit, mummunar matsala, da 3, err, kuskure. Na 4, warning, gargaɗi ne: abin bai lalace ba tukuna amma yana hanya. Na 5 da 6, notice da info, labarai ne na yau da kullum. Na 7, debug, surutun da mai rubuta manhaja kaɗai ke bukata idan yana neman inda ta cije.

Lambar ita kaɗai ba ta yin komai sai ka gaya wa kwamfutar inda kowane mataki zai tafi. A kwamfutocin Linux da yawa, manhajar rsyslog ce ke wannan rabo, wadda Bajamushe Rainer Gerhards ya fara a 2004. Ana buɗe fayil ɗin /etc/rsyslog.conf a rubuta layuka irin waɗannan:

*.emerg :omusrmsg:*
*.err /var/log/kurakurai.log
*.=info /var/log/labarai.log
*.crit @@192.168.1.10:514

Layin farko ya ce idan na'ura ta durƙushe a buga saƙon a fuskar duk wanda ke kanta a lokacin. Na biyu yana tara kurakurai a fayil nasu. A nan sababbin shiga ke tuntuɓe: idan ka rubuta err, za a ɗauko err da duk abin da ya fi shi tsanani. Idan mataki ɗaya tak kake so, sai ka sa alamar daidai a gabansa, kamar a layi na uku. Na huɗu ya fi burge ni, domin yana aika manyan matsaloli zuwa wata kwamfuta daban, ta yadda ko ɓarawo ya shiga ya goge sawunsa, akwai kwafi a inda hannunsa bai kai ba. Bayan ka adana, ka sake tayar da rsyslog, sannan ka gwada da logger -p user.err "gwaji" ka leƙa ko ya faɗa inda ka nufa. Masu sayar da intanet na unguwa da ke amfani da MikroTik suna da kwatankwacin wannan a sashen Logging, kuma asara ce a bar shi yadda ya zo daga kwali.

Me ya kawo wannan a shafin da yawancin masu karatunsa waya kawai suke da ita? Saboda na ga hanyoyi biyu da matasanmu ke bi da sanarwar waya, kuma duka biyun ba su yi ba. Wasu sun bar komai yana ƙara, har kunnensu ya saba, ba sa ma dubawa. Wasu kuma sun gaji sun sa wayar a shiru gaba ɗaya. Na biyun suna ganin sun fi wayewa, amma ƙarshensu ɗaya: ranar da aka cire kuɗi daga asusunsu da ƙarfe biyu na rana, sai bayan isha'i za su gani, lokacin da kuɗin ya riga ya ratsa asusu uku. Ba ƙananan mutane kaɗai wannan ke ci ba. A 2013 an sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka, kuma daga baya ta bayyana cewa manhajar tsaronsu ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba.

Wani zai ce ai tsarin yana da rauni, kuma yana da gaskiya. A syslog, manhajar da ta aiko rahoto ita ce ke saka masa lamba. Idan mai rubuta ta ya ga dama ya kira ƙaramin abu crit, haka zai iso. A kwamfutar ofis wannan sakaci ne kawai. A waya kuwa da gangan ake yi, domin kowace manhaja hankalinka take nema, kuma tallar rangwame za ta so ta zo da rigar gaggawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa bai kamata ka bar musu rabon ba.

Kayan aikin suna cikin wayarka. Tun daga Android 8 da ya fito a 2017, an wajabta wa sababbin manhajoji su rarraba sanarwarsu gida-gida, kuma kai ke da ikon cewa wannan ya yi ƙara, wannan ya shigo shiru, wannan kada ya shigo sam. Danna sanarwar ka riƙe, za ka ga hanyar shiga saitinta. Daga Android 13 kuma, sai manhaja ta nemi izininka kafin ta fara aiko da komai, don haka daina danna amincewa ido rufe. Masu iPhone sun samu Focus da taƙaitaccen rahoto mai lokaci tun iOS 15 a 2021, inda ƙananan saƙonni ke taruwa su zo a dunƙule a sa'ar da ka zaɓa.

Rabon da nake ba da shawara bai kai takwas ba, uku sun isa. Matakin sama: fitar kuɗi da shigarsu, gargaɗin cewa an shiga asusunka daga wata na'ura, da kiran mutanen da ba su wuce biyar ba, irin su Mama da maigidanka a wurin aiki. Waɗannan su samu ƙara ta daban, su kuma ratsa ko da ka sa wayar a yanayin kada a dame ka. Na tsakiya: saƙon mutum ɗaya zuwa gare ka, ya fito a fuska ba tare da ƙara ba. Na ƙasa: guruf-guruf, tallace-tallace, da labarin wanda ya so hotonka. Waɗannan su ne debug ɗinka, su taru ka duba idan ka samu sarari. Guruf ɗin tsaro na unguwa shi kaɗai zan ɗaga sama, da sharaɗin masu kula da shi su hana tura gaisuwar safiya da bidiyon barkwanci a ciki.

Ga masu POS da masu shago a kan Titin Ali Akilu da kewaye, akwai ƙarin abu guda. Saƙon tes ana iya ƙirƙirarsa, shi ya sa alat na bogi ke cin mutane. Ka ba sanarwar manhajar bankin kanta ƙara ta musamman, kuma kafin ka miƙa kaya ko kuɗi ka buɗe ta ka ga cinikin a jerin abin da ya shigo. Ka kunna alat na imel ma, ya zama shi ne kwafinka na waje, irin na layi na huɗu, wanda zai saura ko an sace wayar.