Kifin ado a cikin ɗaki: a shirya tun ɗari bai kama ba



Wani ɗan kasuwa na Maraɗi, daga cikin masu zuwa Kano sarin kaya, ya aiko mini da kuka. Ya ce ya sayo akwatin gilashi irin wanda Turawa ke kira akwaryom, tare da kifayen ado goma sha biyu, ya cika shi da ruwan pampo, ya zuba su a ranar, ya girka shi a salo domin yara da baƙi su sha kallo. Kafin kwana goma saura biyu. Yana tambaya ko ido ne, ko kuwa mai kanti ne ya sayar masa da marasa lafiya. Alhaji, ba ko ɗaya. Ruwan ne ya kashe su, kuma ga ɗari na tafe, wanda in ba a yi shiri ba zai ƙarasa biyun da suka rage.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne, mai akwatin kifi ruwa yake kiwo, ba kifi ba. Ruwan pampo ana sa masa kulor, dangin ruwan jabel, domin ya kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga ɗan Adam, amma ga kifi dafi ne, don yana ƙona masa mashaƙar da ke gefen kansa. Maganin wannan da sauƙi: a tara ruwan a bokiti ko baho mai faɗin baki, a bar shi a buɗe yini ɗaya da kwana ɗaya, kulor ɗin zai fice. Wanda ke gaggawa ya nemi maganin ɗigawa da masu sayar da kifin ado ke ajiyewa. Bokitin kuwa ya zama na kifi kaɗai, kada sabulu ko omo su taɓa shi.

Dafi na biyu ya fi wannan ɓoyo, kuma shi nake zargi a kan kifayen Alhaji. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta mashaƙarsa da kashinsa, abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati shi ma yana ƙara shi. A kogi ruwa na tafiya da shi, a akwati ba shi da wurin zuwa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin soson matata da tsakuwa, su ke juya amoniya ta koma nitirit, wanda shi ma dafi ne, sannan wasu su juya nitirit ya koma nitirat, mai sauƙin illa. To, waɗannan ƙwayoyi ba sa cika akwati dare ɗaya. Suna bukatar mako 4 zuwa 6. Saboda haka ne ake kunna matata, a riƙa jefa ɗan ƙwayar abinci kowace rana a cikin akwatin da ba kifi, a yi haƙuri wata guda, sannan a sa kifi uku ko huɗu, bayan mako biyu a ƙara wasu. Wanda ya zuba goma sha biyu a ranar farko tamkar ya tara jama'a a gidan da ba a haƙa masai ba.

Daga nan ne kuma aka samo ka'idar wankin matata. Kada a wanke sosonta a bakin pampo, domin kulor zai hallaka ma'aikatan da aka yi wata ana jira. A matse shi a cikin ruwan da aka kwaso daga akwatin. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na ruwan da tiyo, ana bin tsakuwa da bakinsa don ya kwashe datti, a mayar da sabo wanda ya kwana. Na sha ganin matan gida masu son tsabta suna kwashe kifi a kwano, su zubar da ruwan gaba ɗaya, su cuɗe gilashi da sabulu har yana walƙiya. Niyya mai kyau ce, amma ƙarshenta gawa.

Girman akwati ma yana da magana. A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimetir, a ninka su, a raba da 1000, abin da ya fito shi ne litir. Mai 60 da 30 da 30 yana cin litir 54, kuma ban ba kowa shawarar ya fara da abin da ya gaza haka ba. Ƙaramar kwalba mai kama da tulu, wadda ake gani a teburin biro, tana da kyan gani, sai dai ruwa kaɗan yana saurin ɓaci, yana saurin hucewa, yana saurin ɗaukar zafi. A tuna kuma litir ɗaya kilo ɗaya ne, ban da gilashi da tsakuwa, don haka a nemi teburi mai ƙwari wanda ba ya rawa, nesa da tagar da rana ke shigowa, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin.

Yanzu sai batun ɗari. Mutane da yawa suna dariya in aka ce a sayi na'urar ɗumama ruwa a ƙasa irin Nijar. Amma duk wanda ya yi alwalar asuba a Damagaram ko Tawa cikin watan Janairu ya san abin da ruwan randa yake zama. A daren hunturu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan akwati kuma yana bin ɗaki a hankali har ya faɗo ƙasa da 20. Yawancin kifayen adon da ake kawo mana, irin su gupi da moli da filati, ƴan asalin ƙasashen zafi ne na nahiyar Amurka, sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 27. Jikin kifi ba ya ɗumama kansa kamar namu. In ruwa ya yi sanyi sai ya lafe a ƙasa, ya bar cin abinci, ƙarfinsa na yaƙi da cuta ya ragu, bayan ƴan kwanaki sai a ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Abin da ya fi sanyin kansa ɓarna shi ne hawa da sauka, wato ɗumi da azahar, sanyi da asuba.

Na'urar wata ƴar sanda ce ta gilashi da ake nutsawa a ruwa, tana kunna kanta tana kashe kanta. Ma'auninta a sauƙaƙe wat ɗaya ga litir ɗaya: mai wat 50 ta ishi akwatin litir 54, mai wat 100 ta ishi na litir 100. A saita ta a kan 25, a manna ta kusa da inda matata ke tura ruwa don ɗumin ya zagaya. A sayi ma'aunin zafi dabam, a riƙa duba shi safe da yamma, saboda na'urar kan maƙale, in kuwa ta maƙale a kunne to dafa kifin za ta yi. Ga masu tsoron takardar kuɗin wuta, ga lissafi: mai wat 50, ko da ta yi awa 8 cur tana aiki kowane dare, kilowat 12 ke nan a wata, kuma wata biyu zuwa uku ne kawai a shekara.

Wuta da ruwa dai ba abokan wasa ba ne. Kafin a tsoma hannu a akwati a cire wayoyi duka. Kafin a rage ruwa a kashe na'urar, a ba ta kamar minti 15 ta huce, don in ta fito fili da zafinta gilashinta na iya tsagewa. Wayar kuma a bar ta ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa wurin jonawa a bango, ta yadda in ɗigon ruwa ya biyo ta zai zuba ƙasa.

To in wuta ta ɗauke fa, abin da ba baƙo ba ne gare mu? A lulluɓe akwatin da bargo. Farin abin nan mara nauyi da ake tallafe firigo da talabijin da shi a cikin kwali, kada a yar, a shimfiɗa shi ƙarƙashin akwati a kuma jingina shi baya da gefe biyu, yana riƙe ɗumi ƙwarai. In sanyin ya matsa, a cika kwalbar roba da ruwan ɗumi a rufe a bar ta tana yawo a ciki. Kada a kuskura a tuttula ruwan zafi daga buta. Kowace awa a ɗebi ruwan akwatin da kofi a zubo shi daga sama sau da yawa domin iska ta shiga, a kuma dakatar da ba da abinci. Kifi lafiyayye yana kwana uku bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana da mafita. Jan kifin nan mai ruwan zinariya, ɗan asalin ƙasar Sin, ba ruwansa da na'urar ɗumama ruwa, amma yana girma ya wuce santimetir 20, yana da yawan kashi, kuma bazararmu tana gigita shi. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke narke a ruwa tana raguwa: kusan miligiram 9 a litir in ruwa na kan digiri 20, ta koma 7 da rabi a kan 30. Nan sai a buɗe murfi, a shimfiɗa raga don kada su yi tsalle, a karkato bantilater yana hura fuskar ruwan. Hikimar randa ce, kuma tana rage digiri biyu zuwa uku.

Akwai kuma na gida. Ƙurungu, wanda wasu irinsa ke iyo a rigingine, Turawa na sayensa da tsada don ado, alhali ga danginsa nan a kogin Kwara. Masuntan Yamai, ko na tafkin Madarumfa da Gidimuni da Tabalak, suna iya keɓe wa mutum ƴan ƙananan kifaye masu rai in ya yi musu bayani. Sai dai karfasa tana tone tsakuwa tana faɗa, tarwaɗa kuwa duk abin da ya shiga bakinta abincinta ne, kada a haɗa ta da gupi. Kuma don Allah, kifi ko tsiron da aka kawo daga waje kada a zuba shi a kogi ko tafki in an gaji da shi. Tsiron nan mai shuɗin fure da ke toshe wa masu jiragen ruwa hanya a kogin Kwara, asalinsa daga Amurka ta Kudu yake, kuma a matsayin kayan ado aka fara yaɗa shi a duniya.

Ni kaina na sha tawa. Wata damana na fesa maganin sauro a salo na ja ƙofa, na manta da akwati da injin iska da ke zuƙar iskar ɗakin yana tura ta cikin ruwa. Da gari ya waye ban tarar da mai motsi ko ɗaya ba, har da wata uwar gupi da na shekara ina kiwo. Tun daga ranar, kafin a yi feshi sai na kashe injin, na rufe akwatin da tawul mai danshi, ba na buɗewa sai ɗakin ya sha iska.

Game da biyun da suka rage maka, Alhaji: kada ka sayo musu abokai yanzu. Ka riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu har tsawon mako uku, da ruwan da ya kwana a ɗaki ɗaya da akwatin don zafinsu ya zo daidai. Abinci sau ɗaya a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma ka ɓoye gwangwanin inda hannun yara ba ya kai. In za ka koma Kano kafin Disamba, na'urar ɗumama ruwa da ma'aunin zafi su ne farkon abin da za ka sa a jaka.