Ciwon Ƙoda a Yara: Wasan Waya Zai Iya Taimaka wa Likita, Amma da Sharaɗi

A hutun Babbar Sallar da ta gabata na je gida Gombe, na sauka a unguwarmu ta Gabukka. A can na tarar da ɗan ƙanwata, yaro mai shekara tara, wanda likitoci suka gano tun shekara biyu da suka wuce cewa ƙodarsa na zubar da sinadarin furotin a cikin fitsari. Idan ciwon ya tashi, sai a wayi gari fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa sun cika, fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba sabulu. An ɗora masa dokokin da ko babba sai ya yi da gaske: shan ƙwaya a kan lokaci, gwajin fitsari da safe, rage gishiri da dunƙule, da ƙaurace wa taliyar leda da abokansa ke ci a gabansa.

"Yaya, wallahi na gaji," in ji mahaifiyarsa. "Kullum sai mun yi rigima kafin ya haɗiyi ƙwayar nan. Amma ba shi wayata ka gani, bai taɓa manta matakin da ya tsaya a gem ba."

Wannan magana ta biyo ni har Abuja. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da masu tsara manufofin lafiya za su ɗauki wasannin waya a matsayin kayan aikin jinyar yara masu ciwon ƙoda, muddin an gina su da Hausa, an gwada su a asibitocinmu, kuma ba a mayar da su hujjar gudun nauyin da ke kan gwamnati ba.

Ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne lalacewar ƙoda da ta wuce wata uku, kuma likitoci sun kasa shi matakai biyar. A manya, hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi. A yara kuwa hanyoyin sun bambanta: akwai waɗanda aka haifa da toshewar mafitsara, musamman jarirai maza, akwai masu zubar furotin irin ɗan ƙanwata, akwai kumburin ƙoda da kan biyo bayan ciwon makogwaro ko ƙurajen fata, ga kuma sikila da tsargiya, waɗanda ba baƙi ba ne a Arewa. A matakan farko, abin da ke jinkirta lalacewar ƙodar yana faruwa ne a tsakar gida, ba a ɗakin likita ba. Likita zai ga yaro na mintuna kaɗan a wata, sauran kwanakin kuwa uwa ce da yaron da tukunyar miya.

Idan aka yi sakaci har aka kai mataki na biyar, sai wankin ƙoda ko dashe. Ƙa'idar wankin ita ce sau uku a mako, kowanne kimanin awa huɗu. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da cibiyoyin lafiya na tarayya da ke Azare da Jabi. Mataki ne da ya cancanci yabo. Sai dai duk ma'aikacin da ke karanta wannan ya iya lissafi: 12,000 sau uku a mako ya zama 36,000, a wata kuma 144,000. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ko bayan rangwame, wankin wata ɗaya ya cinye albashi biyu, ban da kuɗin mota, gwaje-gwaje da ƙarin jini. Duk abin da zai jinkirta isar yaro wannan mataki, ko da shekara ɗaya ce, ya cancanci a saurare shi.

Amfani da wasa wajen jinyar yara ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1995 aka fitar da wasan Packy & Marlon a Amurka domin yara masu ciwon suga, inda mai wasa ke kula da abinci da allurar wasu giwaye biyu. A 2006 ƙungiyar HopeLab ta fitar da Re-Mission domin matasa masu ciwon daji. An gwada shi a kan marasa lafiya 375 a Amurka da Kanada da Ostareliya, kuma sakamakon da mujallar Pediatrics ta buga a 2008 ya nuna waɗanda suka buga wasan sun fi kiyaye shan magungunansu. A Yunin 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da EndeavorRx, wasan da likita ke rubutawa kamar magani ga yara masu matsalar tattara hankali.

Sirrin ba boyayye ba ne. Yaro ɗan shekara tara bai san ma'anar "ƙodarka za ta lalace nan da shekara goma" ba. Abin da ya sani shi ne yau, da ladan da zai samu yanzu. Wasa yana mayar da doka mai ɗaci ta zama ƙalubale: ka sha ƙwaya, ka sami tauraro, ka gwada fitsari kwana bakwai a jere, ka buɗe sabon mataki, ka zaɓi abincin da ya dace a kasuwar cikin wasan, gwarzonka ya ƙara ƙarfi. Kuma yaron da ya fahimci dalilin doka ya fi wanda ake yi wa tsawa riƙe ta, musamman a makaranta, inda idon uwa ba ya kaiwa.

To amma ga sharuɗɗan. Na farko, harshe da abinci. Wasan da aka gina a Turai zai gargaɗi yaro a kan cuku da naman gwangwani. Yaron Gabukka kuwa yana buƙatar sanin gishirin da ke cikin kilishi, yajin tsire, dunƙule biyar da ake jefawa a miyar kuka, da kanwar da ake sa wa a kunu da ɗanwake. Dole wasan ya yi magana da murya, da Hausa da Fulatanci, domin uwar da ba ta karatun boko ta bi abin da ake cewa.

Na biyu, dole ya yi aiki ba tare da data ba, a ƙaramar waya mai araha, domin a yawancin gidaje waya ɗaya ce, ta uwa ko ta uba, kuma cajinta ma wani aiki ne.

Na uku, likita ne zai saita wa kowane yaro dokokinsa. Wani yaron an hana shi ayaba da tumatir da yawa saboda sinadarin fotasiyam ya taru a jininsa, wani kuma ba a hana shi ba. Wani an ƙayyade masa ruwan sha, wani kuwa hana shi ruwa a zafin Gombe na watan Afrilu illa ce. Manhajar da ke ba kowa shawara iri ɗaya za ta iya cutarwa. Haka nan ƙwayar firednisolon da ake ba masu zubar furotin ba a dakatar da ita kwatsam, kuma ba wasa ne zai yanke wannan hukunci ba.

Na huɗu, sirri. Bayanan lafiyar yaro amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye. Kada a bari kamfani ya mayar da ciwon yaranmu hajar talla.

Na san masu cewa yaranmu sun riga sun nutse a waya, don me za a ƙara tura su? Damuwarsu na da tushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Amsar ita ce a gina wasan da ke ƙarewa: minti goma da safe, minti biyar da dare, sai ya rufe kansa. Akwai kuma masu cewa ƙasar da ba ta wadata yara da likitocin ƙoda ba, ina ita ina gem? Su ma sun yi gaskiya ta wani ɓangare. Wasa ba zai sayi tsinken gwajin fitsari ba, ba zai biya kuɗin mota daga Dukku ko Nafaɗa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba. Ba zai kuma hana gurɓataccen magani shiga kasuwa ba. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙoran da ya lalata ƙodar jarirai ya kashe 84 tsakanin 2008 da 2009. Amma ƙarancin likitocin shi ne ma babban dalilin neman abin da zai tsaya wa iyaye tsakanin ganin likita da ganin likita.

Ga masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara, buƙatata ƙarama ce. Ma'aikatar Lafiya da hukumar NITDA su haɗa likitocin yara, masana abinci, da matasan da aka horar a shirin 3MTT su gina wasa guda ɗaya. A gwada shi shekara guda a Gombe da Kano da Maiduguri, a kuma haɗa da Gashuwa ta Jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. A auna abin da za a iya aunawa: ƙwayoyin da aka sha, yawan dawowar kumburi, kwanakin da aka kwana a asibiti. Idan ya yi amfani a faɗaɗa, idan bai yi ba a faɗi gaskiya a ajiye shi. Sannan hukumar inshorar lafiya ta NHIA da takwararta GoHealth ta Gombe su tabbatar tsinken gwaji da magungunan yaran suna cikin abin da suke biya. Abin da ba mu so shi ne a ƙaddamar da manhaja a otal a Abuja, a ɗauki hoto, bayan wata shida ta daina buɗuwa.

Kafin na baro Gabukka, yayar yaron, 'yar aji biyu a sakandare, ta zana masa jadawali a bayan tsohuwar kalanda. Duk ranar da ya sha ƙwaya ya kuma yi gwaji, sai ta zana masa tauraro. Taurari bakwai, minti talatin na waya ranar Asabar. Da na kira makon jiya, mahaifiyarsa ta ce shi ke tashinta da asuba yana tambayar ina ƙwayarsa. Yarinya ta yi wannan da biro da kalanda. Sauran yaran da ba su da irin wannan yaya, su ne ke jiran mu.