Raddi Ga Masu Cewa Man Kanumfari Na Warkar Da Ruɓaɓɓen Farce

Wata magana ta bazu a birnin Katsina, daga zaurukan WhatsApp zuwa shagunan magungunan Musulunci da motocin lasifika masu tsayawa a bakin kasuwa. Wai duk wanda farcen ƙafarsa ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa, to ya riƙa ɗiga man kanumfari ko man tea tree safe da yamma, cikin mako biyu farce zai dawo garau. Hujjojinsu huɗu ne: wai binciken Turawa ya tabbatar, wai ƙwayar asibiti tana cinye hanta, wai abin da aka tatso daga tsiro ba ya cutarwa, sannan wai ai maganin Annabi ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya cikin adalci, ko da yake ta farkon ma ba ta da ƙafar tsayuwa.

Amma kafin su, mu fara da mako biyun nan, don a nan ƙaryar ta fi fitowa fili. Abin da ke cin farce ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, 'yar gida ɗaya da mai kawo makero da cin ruwa a tsakanin yatsu, kuma wadda ta fi yawa ita ce masana ke kira Trichophyton rubrum. Ba a saman farce take zama ba. Tana shiga ta baki ko ta gefe, ta yi gida a ƙarƙashi, tsakanin farce da naman da yake kwance a kai. Ɓangaren da ta riga ta ci ba ya gyaruwa har abada. Sai dai sabo ya tsiro daga tushe ya tura ruɓaɓɓen waje. To farcen ƙafa kimanin milimita ɗaya da rabi yake ƙarawa a wata, babban yatsa kuwa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sake farce gaba ɗaya. A mako biyu ko milimita ɗaya bai cika ba. Ke nan ko da man ya kashe kowace ƙwaya a daren farko, ido ba zai ga lafiyayyen farce ba sai bayan watanni. Wanda ya yi alƙawarin mako biyu, ko dai bai san yadda farce ke tsiro ba, ko kuwa ya sani ya ga ya samu kasuwa.

Sai su ce ai an gwada a ɗakin bincike, man ya kashe ƙwayar. Gaskiya ne, ya kashe. Man kanumfari da na tea tree, wanda ake tacewa da tururi daga ganyen wani itace na ƙasar Ostareliya mai suna Melaleuca alternifolia, duk suna hana fumfuna yaɗuwa idan aka ɗiga mata su kai tsaye a cikin faranti. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A faranti babu abin da ya raba mai da ƙwaya. A ƙafar mutum akwai farce mai tauri, wanda ciwon ya ƙara masa kauri, kuma man nan mai saurin bin iska ne. Tamkar mutum ne gara ta shige cikin azarar ɗakinsa, shi kuma yana shafa magani a bayan azarar. Manyan kamfanonin magani sun sha wuya a kan wannan katanga. Maganin Efinaconazole, wanda aka ƙera musamman don ya ratsa farce kuma Amurka ta amince da shi a 2014, ana shafa shi kullum har mako 48, amma waɗanda suka warke sarai ba su wuce kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari ba. Wannan sakamakon masu ɗakunan gwaji ke nan. Shi kuwa mai 'yar kwalba a bayan mota ya gama aikin a kwana 14!

Binciken da suke ta kafa hujja da shi, galibi ba tare da sun karanta ba, an buga shi a 1994 a mujallar Journal of Family Practice. Mutum 117 aka raba gida biyu, wasu na shafa tsantsar man tea tree, wasu na shafa maganin Clotrimazole, sau biyu a rana har wata shida. Masu talla sukan ɗauko cewa kusan kashi 60 sun ga farcensu ya yi kyan gani, su yi shiru a kan sauran. Da aka ɗebi farcen aka gwada, kashi 18 kacal na masu man ne ƙwayar ta bar su. A ɗaya ɓangaren kashi 11. Wato cikin mutum biyar, huɗu sun shafe rabin shekara suna shafawa ƙwayar na nan daram. Ga shi an riƙa kankare wa kowa ruɓaɓɓen farcen a lokacin gwajin, abin da shi kaɗai ya isa ya sa farce ya yi kyau a ido. Ga shi babu rukunin da aka bari ba magani don a auna. Clotrimazole ɗin da aka gwada man da shi ma an san ba ya taɓuka abin kirki a farce. Kunnen doki da rago ba abin tinƙaho ba ne.

Za a ce to ina waɗanda suka shafa suka ga sauƙi? Kusan rabin farcen da ya lalace ba fumfuna ba ce ta ci shi. Tuntuɓe ne, ko matsin takalmi sau-ciki, ko wata cutar fata, ko tsufa. Farcen da dutse ya fasa zai sake da kansa, a shafa mai ko kada a shafa, sai man ya kwashe yabon. Mai kuma yana tausasa farce ya sa shi sheƙi, idan aka bi da lalle a kai ma sai launin ya ɓuya gaba ɗaya. Abin da ke raba gardama shi ne a kankari farcen a duba a na'ura, aikin da ya kamata mutum ya nema a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina kafin ya kashe ko kwabo.

Batun hanta shi ne hujjarsu mai ɗan ƙwari, kuma ban raina ta ba. Terbinafine, ƙwayar da ake sha ɗaya a rana har mako 12, takan taɓa hanta a wasu 'yan tsiraru, shi ya sa likita ke auna jini kafin ya rubuta, kuma mai ciwon hanta ba a ba shi. Amma a babban gwajin da aka yi a Turai aka buga a mujallar BMJ a 1999, kusan kashi 76 na waɗanda suka sha ta ƙwayar cutar ta rabu da su. A ajiye 76 kusa da 18. Haɗarin da aka sani, ake kuma iya aunawa, dalili ne na ganin likita.

Wai tsiro ba ya cutarwa? Zaƙami ma tsiro ne. Tsantsar man kanumfari yana ƙona fata, na tea tree yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje ga wasu, idan yaro ya sha kuwa guba ne. Wanda na fi jiye wa tsoro shi ne mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ta daina jin zafi: man zai ƙone gefen yatsa bai sani ba, ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya kai ga abin da kowa ya san ana yi wa ƙafar masu suga.

Jingina abin ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ganganci ne. Hadisin da ya ce habbatussauda waraka ce ga kowace cuta ingantacce ne, amma ina ruwansa da ganyen Ostareliya? Ko a kan habbatussaudar ma, malamai irin su Al-Khaɗɗabi sun fahimci lafazin a matsayin gamamme da ake nufin keɓantacce da shi.

Lambar NAFDAC da suke nunawa a kwalba kuwa, irin rajistar da ake yi wa maganin gargajiya shaidar cewa ba a ga illa ba ce, ba shaidar yana warkarwa ba, kuma a jikin kwalbar ake rubuta hakan. Sannan ban ji ɗayansu ya ce a goge tsakanin yatsu bayan alwala kafin a sa safa ba, ko a daina miƙa ƙafa ga almakashin mai yankan farce da ya gama da mutum goma a Ƙofar Ƙaura. Waɗannan ba sa shiga kwalba, balle a sa musu farashi.