Jikokin Fatake Na Jin Kunyar Tanti

Ranar da na gaya wa mahaifiyata zan kwashi iyali daga Kumasi mu je mu kwana a daji cikin tanti, sai ta ajiye carbi ta dube ni. "Kai da gidanka da gadonka, me ka rasa? Biki ake yi a can?" Na ce mata, Inna, ba biki, ba ta'aziyya, ba sarin kaya, gani kawai za mu je yi. Ta ce, "To, Allah ya shirya."

Ba ita kaɗai ba ce. Bahaushe matafiyi ne, amma sai da dalilin da zai iya faɗa a majalisa: fatauci, karatu, zumunci ko aikin hajji. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, unguwar da aka haife ni sunanta Zango. Zango kuwa ai wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ne. Kakanninmu sun yi watanni a hanya da jakuna daga Kano zuwa Salaga neman goron Gwanja, suna kwana a fili, madugu na gaba. Mu jikokinsu kwana ɗaya a tanti muke ɗauka ƙasƙanci. Ni dai ra'ayina, duk magidancin da ke da hali ya ware kwana huɗu ko biyar cikin dogon hutun yara ya hau hanya da su.

Mun tashi bayan asuba cikin watan Agusta, lokacin da ruwan sama kan ɗan tsagaita a kudancin Ghana. A Assin Praso muka tsallaka kogin Pra, ruwansa ya yi kauri ya koma launin koko. Autana ya ce, "Baba, wa ya dama shi?" Na ce masa aikin masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya ne, abin da ake kira galamse. Ya sha jin kalmar a rediyo, ba ta taɓa damunsa ba sai ranar.

A Assin Manso muka tsaya bakin rafin da a da ake kai bayi su yi wankan ƙarshe kafin a kora su gaɓar teku. Da yawansu daga arewa aka fito da su, wasu ta kasuwar Salaga ɗin nan da muke alfahari da ita saboda goro. Wannan ɓangaren tarihin ba a cika faɗa mana shi a gida ba. Washegari muka shiga ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. Babbar 'yata mai surutu ce, amma tun da muka fito daga kurkukun da aka tsare bayi mata ba ta ce uffan ba har muka isa mota. Darasin na cikin littafinta na makaranta, ta ma ci jarrabawarsa, sai dai gani ya kori ji.

Garin Elmina kuma yana nan da ransa. Kwale-kwale masu fenti kala-kala sun cika bakin ruwa, mata na ƙyafe kifi, hayaƙi ya turnuƙe lungu. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, sai gyaran koma. Muka ci kenke da soyayyen kifi da barkono a tsaye.

Daga Cape Coast zuwa gandun dajin Kakum kimanin kilomita 30 ne. Can ne ake da gadojin igiya guda bakwai da aka buɗe a 1995, an ɗaura su daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu ya haura mita 300. Ni da na fi kowa cika baki ni na fi kowa riƙe igiya. Da dare muka kafa tanti inda ma'aikatan gandun suka nuna mana. Agwadar bishiya ta yi ta ƙwalla ihu kamar ana yanka ta, yayyafi ya sami kafa ya jiƙa mini bargo, da asuba kuma na taka layin kwarkwasa ina neman buta. Giwayen dajin ko ƙeyarsu ba mu gani ba. Duk da haka, daren nan yara suka fi ba da labarinsa.

Na san abin da za a ce. Kuɗi? Abin da muka kashe bai kai ankon biki biyu ba, don mun tafi da garin rogo, ƙuli-ƙuli da ƙaramin risho. Salla? Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru. Tsaro kam magana ce ta gaskiya: akwai dazuzzukan da mai hankali ba zai kai iyalinsa ba a yanzu. A zaɓi wuri mai masu gadi, a guji tuƙin dare, kada kuma a bar yaro ya shiga teku, domin igiyar ruwan gaɓar nan tana ja da ƙarfi.

Da muka dawo, auta ya zauna gaban kakarsa yana zuba, har ya ambaci Salaga. Inna ta gyara zama ta ce ai kakanta ta nan ya biyo, ta shiga lissafa zangon da suka yi da kogin da jakinsa ya nutse, har aka kira isha. Shekara arba'in da ɗoriya ina gabanta, ban taɓa jin labarin nan ba.