Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, ga damina ta ja baya, kaka ta ƙwanƙwasa ƙofa. Masara ta bushe a gona, doya ta isa haƙa, nan gaba kaɗan kuma mutanen Kachia za su shiga tonon citta. Amma duk abin da manomi ya noma, in bai kai kasuwa a kan kari ba, rabin wahalarsa ta tafi a banza. Sabo da haka a wannan mako za mu bar zancen taki, mu yi zancen motar da ke ɗauko amfanin gona.

A nan Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa waɗanda gonakinsu ke wajen Kujama da Kajuru da Kasuwan Magani. Waɗansunsu sun dogara ga tsofaffin jif ne, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser ta Japan. Motoci ne masu haƙuri kamar jaki. Amma kowace kaka sai ka ga ɗaya a gefen hanyar Kachia, cike da buhuna, direba na ƙarƙashinta. In ka tambaya a ce maka, "Ai giya ce ta ƙi shiga, motar ta tsufa."

Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Ba tsufa ke kashe akwatin giya ba, sakaci ne. Bara wani maƙwabcina ya kwana biyu a hanya da lodin tumatir. Da bakanike ya kwance akwatin, abin da ya zubo ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari kamar koko. Shekara huɗu motar na hannunsa, baƙin man inji kaɗai ya san ana canjawa. Tumatir ya ruɓe, ga kuɗin janwe, ga na tsohon akwati da ya sayo a Panteka. Man da zai hana duk wannan kuwa bai fi lita uku ba.

Ga yadda abin ya ke faruwa. Cikin akwatin giya haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna, mai ne kaɗai ke raba su. Da damina mota ta yi tafiya akwatin ya yi zafi, sa'an nan ta faɗa rafi. Sanyin ruwa ya sa iskar da ke ciki ta tsuke, sai akwatin ya zuƙi ruwa ta 'yar kafar numfashinsa, ko ta robar da ta gaji. Ruwa ya gauraya da mai, tsatsa ta kama, kai kuwa ba ka sani ba sai ranar da ka yi lodi.

To, me ya kamata a yi? A tsai da mota a wuri mai daidai. A gefen akwatin akwai noti na zuba mai, a ƙasa akwai na zubarwa. Kullum a fara kwance na gefe, domin in ka zubar da mai sa'an nan na gefe ya ƙi kwantuwa, ka ga ka zauna. Sa yatsa a ramin. In mai ya kai bakinsa, ya isa. In ya yi fari, ruwa ne, a zubar nan take. In yana ƙauri, ya ƙone. Notin ƙasa sau da yawa yana da maganaɗisu: garin ƙarfe kaɗan ba kome, amma in ka ga ɓarɓashi kamar tsaki, haƙora sun fara ci, a nemi bakanike. Haka za a duba ƙaramar giya, watau mai raba ƙarfi ga ƙafa huɗu, da aksul na gaba da na baya. Littattafan motoci da yawa sun ce a sake man bayan kilomita 40,000, amma motar gona mai ratsa rafi, ni a ganina a sake mata kowace shekara da ɗaukewar ruwa.

Kada kuma a ce mai duk mai ne. Yawancin tsofaffin akwatuna mai kauri lamba 90 su ke so, amma akwai Land Rover da akwatinta ke shan jan mai marar kauri, irin na motar da ke canja giya da kanta. A dubi littafin motar. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba suna ba lamba, a bar shi. Araha ba ta ado.

Saura halin direba. Mota mai ɗaukar buhu shida a ɗora mata goma sha biyu, a ce ai hanya ɗaya ce. Ƙafa kullum a kan kuloci. A hau tudu da babbar giya har mota na tari. Mafi muni, motar da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu, an fito daga taɓo an hau kwalta ba a cire ba. A kan laka taya na sulɓewa, ƙarfe ya huta. A kan kwalta kuwa gaba da baya sai su yi ta murɗar juna har wani abu ya karye.

Na san wani zai ce, ina kuɗin, ga na masu girbi, ga na buhuna? Gaskiya ne, lokacin ba na yalwa ba ne. Amma ka auna da kanka: kuɗin mai da ladan bakanike na rabin yini a gefe guda, akwatin giya da lodin da ya lalace a ɗaya gefen. Tsohon akwatin da ka sayo kuma ba ka san irin wahalar da ya sha a hannun mai shi na fari ba.

Malam mai jif, kafin ka ɗora buhun farko, ka sa a shiga ƙarƙashin motar nan cikin makon nan. Ɗan kasuwa mai ɗaukar shata, kai ma tambayi direba yaushe rabonsa da duba man giya, domin kayanka ne a ciki. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, amin.